Takun Gwangwani

Maɗauri huɗu ne a jikin takalmin ƙarfen 'yata: ɗaya a kan yatsu, ɗaya a idon sawu, biyu a ƙwauri. Da ƙafar hagu a karkace aka haife ta. An yi mata aiki tana shekara huɗu, likita ya ce aiki ya yi kyau, amma sai ta riƙa sa takalmin nan kullum har ƙashi ya zauna. In aka yi sakaci, ƙafar za ta koma yadda take, a sake kwantar da yarinya a yanka. Ni da na yi awa uku a kan benci a ƙofar ɗakin tiyata ina kallon agogo, ba sai an maimaita min ba.

Yanzu shekararta shida. Lauya muke ce mata, don tun da bakinta ya buɗe ba a taɓa sa ta abu ta ce to ba, sai ta ji dalili, ta ji dalilin dalilin.

Watannin farko yaƙi muka yi ta yi. Takalmin yana da nauyi, yana cizon ƙwauri, yana ƙara a kan siminti. Ta yi kuka, na yi lallashi, na yi tsawa, wani lokacin in shiga banɗaki in yi nawa kukan in wanke fuska in dawo. Mahaifina ne ya kawo maganin, ba tare da ya san magani ya kawo ba. Ya zo wuni, ya tarar da mu muna kokawa a tsakar ɗaki, sai ya ce, "Ke Lauya, zo ki ga kakanki lokacin yana gwangwani." Ya kunna mata wani tsohon fim a waya.

Baba mai gyaran rediyo ne, amma shekara arba'in da suka wuce ya taɓa fitowa a fim sau ɗaya, kuma ko fuskarsa ba a gani ba. Fim ne na 'yan sama jannati. Mutum bakwai a cikin kumbo suna neman ruwa a wata duniya, tare da wani mutum-mutumi mai shara da dafa musu shayi, wanda suke kira Gwangwani. Baba ne a cikin rigar langalangar. Har yau in na kalli fim ɗin sai na jinjina wa mutanen da suka yi shi. Kumbon da filas ɗin shayi aka haɗa shi, da fitilar keke a goshi. Taurarin huji ne aka yi da allura a jikin baƙin yadi aka kunna fitila a baya. In ka zuba ido za ka ga zaren da kumbon ke rataye a jiki. Amma minti goma da farawa sai ka manta da zare, ka manta da filas, kana can sama tare da su.

Kusa da ƙarshe dutse yana huda kumbon, iska ta fara zurarewa, mutanen duka su zube. Saura Gwangwani, kuma ƙofar da za a rufe tana can ƙarshen wani dogon lungu. Sai ya kama hanya. Ƙafar dama ta taka, ƙwas. Ta hagu, wadda ke kallon gefe, ta jawo a ƙasa, ƙiii. Ƙwas, ƙiii.

Lauya ta daina shessheƙa. Ta matso har hancinta na neman taɓa allon wayar.

"Mama, irin tafiyata yake yi."

Ta juya wajen kakanta.

"Kaka, shi ma nasa takalmin yana cizonsa?"

"Cizo?" in ji Baba, ya naɗe wando ya nuna mata tabo a gwiwa. "Ga haƙoransa nan har yau."

"Kuma bai cire ba?"

"In ya cire wa zai rufe ƙofa?"

Daga ranar, kullum da safe sai in sa mata wurin nan a waya, ta riƙe, ni kuma in durƙusa in ɗaura. Taku ashirin da uku ne daga farkon lungu zuwa ƙofa. Na san haka ne don kusan duk taku shida nake gama maɗauri ɗaya, kafin ƙofa ta rufu na ja na ƙarshe na miƙe. Shekara ɗaya da rabi ba mu sake faɗa a kan takalmi ba.

Sai labari ya zo cewa wani kamfani zai sake yin fim ɗin da kayan zamani. Ranar da aka kira Baba a waya aka gayyace shi, a gidanmu ya zo ya baje murnarsa. Maigidana, Baban Lauya, malamin lissafi ne, kuma bai yarda a taɓa tsohon abu ba ko da cokali ne.

"Baba, ni dai da za a ji tawa, a bar shi yadda yake," ya ce. "Duk fim ɗin da aka ce an sabunta, sai ka ga an cika shi da wuta da ƙara, ka fito kunnenka na kuka, ba ka tuna komai ba."

"Kai ka taɓa shiga cikin gwangwani?"

"A'a, Baba."

"To zauna ka sha shayinka. Yaran yanzu in ka nuna musu filas ka ce kumbo ne, dariya za su yi su canza tasha. Labarin nan mai kyau ne, kayan aiki ne ba mu da su. In an sami masu kaya, a ba su su yi. A cire zaren nan, a cire filas, a gyara wannan ɗingishin da maƙeri ya cuce ni da shi. Shekara arba'in, duk inda aka gane ni sai wani ya fara jan ƙafa yana dariya."

Na ɗaga wa Baba gira ina nuna ƙofar ɗaki. Lauya tana ciki tana zane, ba ta ji ba. Na ce a raina, kafin a gama fim shekara ta zagayo, ƙila ma an cire mata takalmin.

Ni tela ce, kayan makaranta da labule nake ɗinkawa. Baba ya yi ta yabona a wajen masu fim ɗin har suka kira ni in ɗinka musu wasu riguna. Ranar da na fara shiga wurin aikinsu na daɗe a tsaye da almakashi a hannu, baki buɗe. Ƙaton zaure ne an shafe shi da koren fenti tun daga ƙasa har rufi, kamarori sun jeru a bango kamar tattabaru a kan waya. Wani saurayi da suke kira Dogo, ɗan rawa ne asalinsa, shi ke sa baƙar riga mai matse jiki wadda nake liƙa wa fararen ƙwallaye girman ƙwan tattabara a kowace gaɓa. In ya ɗaga hannu, sai Gwangwani ya ɗaga hannu a allon kwamfuta. Matar da ke kula da kwamfutocin, Injiniya, ta juyo min da allon ta matso da hoton har na ga tsatsa a bakin kowace ƙusa, na ga inuwar taga tana gilmawa a ƙirjinsa. Ta nuna min kumbon yana ratsa taurari, wallahi sai da na dafa tebur don ji na yi ƙasa na tafiya da ni. Na ce a raina, Baban Lauya, zo ka ga aiki.

Shi kuwa Darakta, ban taɓa ganin mai son fim ɗin nan kamarsa ba. Ya ce yana ƙarami ya kalle shi ya fi sau ɗari a ɗakin kakarsa, har kaset ya tsinke ya liƙe da gam. In Baba ya shigo, da gudu yake kawo kujera, ba ya zama sai Baba ya zauna. A bangon ofishinsa ya liƙa wata doguwar takarda, ya rubuta duk kuskuren da ya gano a tsohon fim, guda talatin da ɗaya. Zare a minti na goma sha biyu. Inuwar mai kamara a jikin taga. Murfin filas. Duk wanda aka gyara sai ya ja masa jan layi.

"Anti, bashin ƙauna ne," ya ce min yana shafa takardar. "Abin da suka so su yi ba su samu dama ba, shi za mu yi musu."

Na bi takardar da ido har ƙasa. Na ashirin da tara: ɗingishin Gwangwani. An riga an ja masa layi.

Na yanke shawara ba zan bari Lauya ta gani ba. Abin da ban lissafa ba shi ne wayar Baba. Injiniya ta tura masa ɗan guntun gwaji, shi kuma murna ta hana shi zama, ya biya ta gidanmu da yamma ina wajen aiki ya nuna wa mutuniyarsa.

Washegari na durƙusa da takalmi, na miƙa mata waya. Ta ture.

"Ba zan sa ba."

"Saboda me?"

"Gwangwani ma ya cire nasa."

"Wa ya gaya miki?"

"Na gani da idona. Yanzu gudu ma yake yi. Kaka ya ce waccan mummunar tafiya ce, mutane dariya suke yi, shi ya sa aka gyara." Ta kalle ni ido cikin ido. "Ke kin ce tafiyar jarumai ce. Waye ya yi ƙarya, ke ko Kaka?"

A ranar, da ƙarfi na ɗaura mata. Da aka tashi daga makaranta malamarsu ta miƙo min takalmin a leda, ta ce tun kafin tara yarinyar ta kwance abinta, ta zauna a kujera ta ƙi fita ko wasa. Kwana na biyu ta ɓoye shi a cikin injin wanki. Kwana na uku babanta ya yi mata lissafin watannin da suka rage a kan allo, ta saurara tsaf, ta ce ta gane lissafin amma ba ta yarda da shi ba. Da nake yi mata wanka a kwana na huɗu sai na ga kamar yatsun sun fara leƙa ciki. Ƙila idona ne. Amma bencin nan na ƙofar tiyata ya dawo min har na ji sanyinsa a cinyata.

Na je shagon Baba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na zauna a kan wata tsohuwar rediyo na gaya masa komai. Ya ajiye sukudireba, ya cire tabarau, ya daɗe yana murza ido.

"Ni da nake ganin albishir na kai mata," ya ce. "Wallahi ban haɗa tafiyarta da tawa ba. Ita ai tata kyau take min."

"To ita ta haɗa, Baba."

Ran Alhamis aka fito min da tsohuwar rigar Gwangwani daga sito, don Darakta yana son in auna ta in ɗinka ƙaramar irinta ta ado. Na shimfiɗa ƙafafun biyu a kan teburin yanka ina addu'a a raina in ga wata alama da za ta nuna da gangan aka yi ɗingishin, in sami abin da zan kai wa Darakta. Ina ajiye su gefe da gefe na ga abin. Ƙafar dama ce guda biyu. Gwiwa ɗaya, lanƙwasa ɗaya, duk gefe ɗaya suke kallo. A cikin ɗayar akwai wata takardar siminti a naɗe, ta yi ja don tsufa, takardar da aka bi aka yanka langalangar. A jikinta an rubuta da biro: ƙafa, a yanka biyu. Rubutun Baba ne, ko a mafarki na san yadda yake lanƙwasa ƙa ɗinsa.

Duk wanda ya koyi ɗinki ya taɓa yin wannan sau ɗaya. Ka ɗora takarda ka yanka hannun riga, ka sake ɗorawa ka yanka na biyu ba ka kifa ta ba, sai ka tashi da hannun dama biyu. Ni ranar da na yi, sai da mai koya min ta sa na sa rigar na wuni da ita. Maƙeri bai cuci kowa ba, abin da aka rubuta masa ya yi. Na zauna na rasa dariya zan yi ko kuka. Kuskure ne tsantsa, ba ni da hujja.

Ina nan zaune sai na ji murya na tashi daga wajen kwamfutoci. Darakta ne da Injiniya, a kan wurin lungun nan.

"Karo na shida ke nan," yake cewa. "Mun sa wuta, mun sa tartsatsi, mun sa rufi yana faɗowa, mun canza kiɗa sau uku. Me ya sa ba na jin komai? Ina yaro in an zo nan har fitsari nake riƙewa."

"Ƙila girma ka yi," in ji Injiniya.

"Jiya na sake kallon tsohon. Da gemuna na riƙe numfashi."

Ni ba mai shiga maganar da ba a sa ni ba ce. Amma na tsinci kaina a bayansu da ƙafar gwangwani ɗaya a kowane hannu.

"Ranka ya daɗe, taku nawa yake yi kafin ya kai ƙofar?"

Suka juyo. Injiniya ta danna wani abu. "Tara. Sakan biyar."

"A tsohon ashirin da uku ne."

"Kin ƙirga, Anti?"

"Kullum da safe, shekara ɗaya da rabi. Ni ban san aikinku ba, kuma aikinku ya fi ƙarfin yabona. Amma wannan naku, tun da ya ɗaga ƙafa na san zai kai. Me zan riƙe numfashi a kai? Wancan kuwa kowane taku sai ka ce a nan zai faɗi."

Darakta ya mayar da ido kan allo. Can ya ce, "Amma Baba da bakinsa ya ce kuskure ne."

"Kuskure ne. Ga ma shaida." Na jera musu ƙafafun, na buɗe takardar. Injiniya ta fara dariya har ta cire tabarau. Ni ban yi ba. Na gaya musu labarin Lauya, da maɗauri huɗu, da injin wanki, da abin da likita ya ce. Ban ƙara gishiri ba, ban kuma roƙe su ba.

Darakta ya sosa ƙeya. "Kar ki ji haushina, Anti. Amma ke ma ba gyara ƙafar kike yi ba? Ba so kike ta miƙe ba?"

Tambayar ta same ni.

"Gyarawa nake yi," na ce. "Kuma ranar da ta miƙe ba wanda zai kai ni murna. Amma da wannan ƙafar take zuwa makaranta yau. Ba za ta zauna a ɗaki ta jira a gama gyara ba. Shi ma wancan bai jira ba, ya je ya rufe ƙofar."

Ya tashi ya ƙwala wa Dogo kira. Aka sa masa riga, aka ce ya yi ɗingishi. Dogo ya iya jikinsa, amma abin da ya fito a allo irin ɗingishin da ake yi ne don a ba mutane dariya, kafaɗa na rawa, ƙugu na juyi. Ya gwada sau biyar, kowanne ya fi na baya muni. Tsohuwar rigar kuma ko gwiwarsa ba ta shiga, ga tsatsa.

"Ko dai," in ji Darakta a hankali, "ki kawo yarinyar? Ki ɗinka mata 'yar riga, mu ɗauki tafiyarta."

"A'a."

"Ba za a ga fuskarta ba, Anti."

"Ko inuwarta. Ciwon 'yata ba kayan aiki ba ne. Ku ba ni zuwa jibi."

Na tafi gida da takardar Baba. Na ƙara mata tsawo daidai Dogo, na sami tamfol mai kauri, na yanka tsohon bokitin roba na yi masa haƙarƙari don ya ƙi lanƙwasa. Na yanka ƙafa ta farko. Da na zo ta biyu, hannuna da kansa ya kifa takardar, shekara goma sha biyu yana yin haka. Sai da na tsaya na mayar da ita, na danne da gwiwar hannu kamar za ta gudu, sannan na sa almakashi. Baban Lauya ya leƙo ya ga abin da nake yi, ya ce, "Yau kuma da gangan ake ɓata aiki?" Na ce, "Sabuntawa nake yi, Malam."

Ran Asabar da safe muka tafi mu huɗu. Lauya a kafaɗar babanta, baki a tunzure, takalmin a cikin jakata ba ta sani ba. Ta shiga koren zauren ta ƙi kallon kowa, har kakanta da take fushi da shi tun ran Litinin.

Kafin a fara na miƙa wa Baba takardar. "Baba, rubutun wa ne wannan?"

Ya sa tabarau, ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa. 

"Maƙerin nan," ya ce, "ashe har kwaikwayon rubutu ya iya."

Zauren ya fashe. Darakta har da durƙusawa. Baba ma ya yi ta dariya yana goge ido, yana cewa Allah ya jiƙan bawan Allah, shekara arba'in yana shan zagi a banza.

Na ɗaura wa Dogo ƙafafun. Ya miƙe, ya ce, "Anti, ta hagun nan cizo take yi."

"Haka ake so," in ji Baba. "Kar ka yi ɗingishi, yaro. Ni ban taɓa yi ba. Sauri nake yi iya ƙarfina, ita ce take hana ni."

Aka kunna. A babban allo ga sabon Gwangwani, yana sheƙi, a bakin lungu, mutane a zube a bayansa. Injiniya ta kashe wutar da tartsatsin duka, ta bar ƙarar iska kawai. Dogo ya yunƙura da sauri, ƙafar ta ƙi. Ƙwas, ƙiii.  Na saci kallon Baba, leɓensa na motsi yana ƙirgawa. Baban Lauya, mai cewa kar a taɓa tsohon abu, ya miƙa wuya kamar zai shige allon. Da ƙofa ta rufu sai na ji Darakta ya saki numfashi.

"Ba haka ba ne."

Lauya ce. Ta sauko daga cinyar babanta ta riƙe ƙugu.

"Ranki ya daɗe, ina aka yi kuskure?" in ji Dogo.

"Kana kallon ƙasa. Gwangwani ba ya kallon ƙasa, ƙofa yake kallo. Kuma kana jin tsoron ƙafar. In kana tsoronta ta fi cizo."

"To ya ake yi?"

"Sai ka fara tura nan," ta dafa ƙugunta, "sannan ta biyo ka."

Dogo ya gwada. Ta girgiza kai. Ya sake, ta ce ya fi na ɗazu amma har yanzu kamar agwagwa. Ta taka da kanta don ta nuna masa, sai ƙafar ba nauyi, ba ƙara, abin bai fito ba. Ta tsaya tana kallon ƙafarta. Na kafe idona a kan jakata.

"Mama, kin zo da takalmina?"

"Bari in duba," na ce.

Na durƙusa a kan koren siminti. Kafin in fara na ɗaga kai na kalli Injiniya. Ba ta jira na yi magana ba, ta danna wani abu, jajayen fitilun kamarorin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ta juya allon ya kalli bango. Na ɗaura na yatsu, na idon sawu, biyun ƙwauri. Na ƙarshen sai da na sake shi sau biyu.

Lauya ta je ta tsaya kusa da Dogo, kanta bai kai ƙugunsa ba. Ta nuna ƙofar fita ta zauren. "Can za mu. Kar ka kalli ƙasa."

Suka tafi tare. Ƙwas, ƙiii. Ƙwas, ƙiii. Tsakiyar hanya Baba ya miƙe daga kujerar da aka ba shi ya bi bayansu, ba ya jan ƙafa, hannu dai ya goya a baya yana kallon tafiyar jikarsa. Da suka kai, ta tura ƙofar da hannu biyu ta rufu garam, ta juyo ta ce wa Dogo, "Ka gani? Sake."

Da za mu tafi na leƙa ofishin Darakta in yi sallama, na tarar da shi a gaban doguwar takardarsa da abin goge rubutu, yana kankare jan layin na ashirin da tara. Sauran talatin ɗin suna nan da layinsu.

"Zaren fa?" na tambaye shi.

"Zaren kam ya tafi, Anti. Ko akwai wadda ke ɗaura takalmi da shi?"

A mota Baban Lauya ya ce shi har yanzu yana kan bakansa, amma wannan ɗaya zai je ya kalla. Baba ya ce wa ya tambaye ka.

Ran Litinin da safe na ɗauko takalmi ina shirin ko-ta-kwana. Na tarar da ita zaune a bakin gado, ta miƙo ƙafa.

"Wanne zan sa miki?" na ce, don Injiniya ta turo min sabon gwajin. "Tsohon ko sabon?"

Ta yi tunani, kamar yadda take yi kafin ta yanke hukunci.

"Sa tsohon. Dogo bai gama koyo ba."